Kwalaben da Ba Su da Suna

Safar hannunta ya fara gani kafin ya ga fuskarta. Baƙar safa ce mai kauri, a tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke neman abin da zai rage a jikinsa.

Muhsin ya jingine mashin ɗinsa a gindin dalbejiyar wani ƙaramin asibiti a Gwaram, yana kwance igiyar akwatin ƙanƙara. Aikinsa ke nan duk bayan mako biyu. Zai taso daga Birnin Kudu, ya karɓi 'yan kwalaben da nas Hapsatu ta tara, ya koma da su kafin ƙanƙarar ta narke.

Can Birnin Kudu akwai wani ɗakin gwaji da ƙananan asibitoci bakwai da likitocin jami'a suka haɗa hannu suka kafa, domin babu mai iya riƙe irinsa shi kaɗai. Firiji ɗaya ne mai tsananin sanyi, da na'urori uku, da sola a kan rufi, kowa da ranar da yake amfani da su. Abin da suke son ganewa shi ne dalilin da fatar wasu mutane ke tsattsagewa da ƙaiƙayi, hanjinsu kuma yana kumbura, kamar katangar jiki ta waje da ta ciki sun raunana tare.

"Malam, don Allah kai ne mai kai kwalaben?"

Ya ɗago. Doguwa ce, cikin hijabi ruwan toka, idanunta sun nuna wadda ba ta samun isasshen barci.

"Ni ne."

"Idan sun duba, suna faɗa wa mutum yaushe zai warke?"

Da wani ne, da cewa zai yi kwanan nan in Allah ya so, ya wuce abinsa. Shi kuwa gogan naku bai iya irin wannan ba, shi ya sa ma ba ya ciniki a kasuwa.

"Gaskiya ba su sani ba tukuna," ya ce. "Neman sanin ake yi."

Ta kalle shi, sai ta yi wani ɗan murmushi.

"Shekara tara ina yawon magani. Kai ne na farko da bai yi min ƙarya ba."

Ta shige bayan labule wurin Hapsatu. Shi kuwa ya tsaya riƙe da igiya, ya manta abin da ya kawo shi.

Sunanta Mahbuba, 'yar Malam Badamasi mai makarantar Islamiyya a Sara. Ita ma koyarwa take a ajin 'yan mata. A zuwa na uku ya san wannan, a na huɗu ya nemi izini wurin mahaifinta, a na biyar kuma Dakta Ummussalma, shugabar ɗakin gwajin, ta kira shi ofis.

"Na ji ka fara zance a Sara."

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Allah ya sanya alheri. Amma daga yau ka bar hanyar Gwaram, ka dawo ciki kana karɓa kana jerawa a firiji. Ka san ƙa'idarmu. Kwalba ba ta da suna, lamba take da ita. Nas ɗin da ta ɗiba ce kaɗai ta san mai lambar, sai mai ita da aka ba ɗan kati ruwan ɗorawa. Ko da wasa kada ka tambayi yarinyar nan lambarta."

Bai taɓa tambaya ba. Duk Juma'a bayan la'asar yana zauren gidan Malam, ita a can ƙarshen tabarma, hannuwanta cikin safa. Mai Akwati take ce masa, shi kuma Malamata. Sauran kwanakin waya ce ke shan wahala.

"Malamata, yau na jera kwalba arba'in da biyu. Kowacce na ɗauka sai na lallaba ta, ko taki ce."

"Mai Akwati, ka yi aikinka da hankali kada Dakta ta kore ka, in rasa mai ciyar da ni."

Ana tsakiyar damina ta cire safar a gabansa, sau ɗaya. Fatar ta yi kauri ta yi duhu, ta tsattsage a gaɓoɓin yatsu, wani wurin da ɗanyen ciwo. Ba ta kalle shi ba ta ce, "Ba shi ke nan ba. Akwai na ciki. Wani lokacin sai in yi mako ina murɗawar ciki, har da jini. Daga iyayena sai Hapsatu suka sani, sai kai yanzu. In za ka tafi, yanzu ya fi sauƙi."

"Ina za ni?" ya ce. "Ai na riga na iso."

To, aure dai ba na mutum biyu ba ne. Da Muhsin ya kai maganar gida Wurno, can kusa da Birnin Kudu, mahaifinsa Alhaji Yunusa ya yi abin da kowane uba ke yi. Ya tashi ƙaninsa, Kawu Ɗanbala, ya je Sara ya yi bincike a kan gidan yarinya: asali, tarbiyya, da lafiyar dangi.

Kawu Ɗanbala mutumin kirki ne, amma bincikensa irin na mai sauri ne. Bai je wurin liman ba, bai je wurin mai unguwa ba. Ya tsaya a wani shagon magani ya sha ruwa, ya jefa tambaya. Mai shagon kuwa Dabo ne, wanda ya taɓa neman Mahbuba ta ce ba ta yi, kuma har yau abin bai bar ransa ba.

"Gidan mutunci ne, ba na ƙarya," in ji Dabo, yana rage murya. "Sai dai, Baba, ka taɓa ganin lafiyayye da safar hannu a bazara? Duk bayan mako biyu tana asibiti, ana kankare mata fata. Har bayan gidanta ake ɗiba a 'yar roba, da idona na ga robar. Ni dai ban ce kuturta ba ce."

Bai ce ba, amma ita Kawu ya ɗauko ya kawo Wurno.

Da hantsi Alhaji Yunusa ya kira ɗansa tsakar gida. Inna Kubra, mahaifiyar Muhsin, tana gefe tana tsince wake.

"Ka janye."

"Baba, wallahi ba kuturta ba ce. Ba ta yaɗuwa, ba a ɗauka."

"To mece ce?"

"Ciwon fata ne da ake bincike a kansa."

"Na cikin fa? An ce har bayan gida ake ɗiba."

Muhsin ya yi shiru. Amana ce aka ba shi a kan tabarma, ba zai zazzage ta a tsakar gida ba.

"Ka gani ko? Kai da kake aiki a wurin ma ka kasa faɗa. Tana warkewa?"

"Ba a sani ba, Baba."

"'Ya'ya suna gado?"

"Shi ma ba a tabbatar ba."

"To ni ba zan buɗe wa zuri'ata ƙofar abin da likitoci ma ba su san kansa ba. Na gama magana."

Muhsin ya juya ya kalli Inna, ita da kullum take tare masa faɗa. Ba ta ɗago ba. Wake take tsincewa, tana mayar da wanda ta riga ta tsince cikin wanda ba ta tsince ba. Da rana ma ta shirya ta tafi Surko gaida ƙanwarta, kamar yadda ta saba duk bayan mako biyu, sai ka ce ba abin da ya faru a gidan. Wannan ya fi maganar Baba yi masa ciwo.

Washegari ya tsaya gaban teburin Dakta Ummussalma kamar mai neman gafara.

"Dakta, takarda ɗaya kawai. Ki rubuta cewa za ta warke."

"Zauna, Muhsin." Ta cire tabarau. "In ita ta zo da kanta, zan duba ta in rubuta mata cewa ba kuturta ba ce kuma ba a ɗauka, don wannan na sani. Ita zan ba, ba kai ba. Amma za ta warke? Ni ma amsar da nake nema ke nan. Saboda ita muka tara kwalba sama da dubu a firijin can. Wataƙila shekara biyar, wataƙila goma, wataƙila sai 'ya'yanmu."

Ya fita ya buɗe firijin, sanyi ya daki fuskarsa. Ga su nan jere, layi bayan layi, kowacce da lambarta. Amsar rayuwarsa tana cikin ɗaya daga cikinsu, a ƙanƙare, bai san wacce ba, kuma ko ya sani ba ta da abin da za ta faɗa masa yau. Bai taɓa jin ba shi da amfani kamar ranar ba.

Kafin azahar saƙo ya shigo.

"Muhsin, maganar ta zagaye Sara. Yau uwaye uku sun cire 'ya'yansu daga ajina. Na fata dama kowa yana zargi, amma na ciki kai kaɗai na faɗa wa. Kai ne wanda na ce bai yi min ƙarya ba."

Ba Mai Akwati ta ce ba. Muhsin ta ce.

"Malamata, na rantse da wanda raina ke hannunsa ban faɗa wa kowa ba. Ki ɗaga waya."

"Kada ka zo Juma'a. Asibitin ma na daina zuwa. Na gaji da zama abin dubawa."

Ya kira har wayar ta yi zafi, ba ta ɗaga ba. Juma'a uku suka wuce. Ya rame, ya daina wasa da kowa, tuwo ma sai ya tsakura ya ture. Ba shi da hujjar da zai kai wa uba, ba shi da shaidar da zai kai wa masoyiya. Addu'a kaɗai ta rage masa, ita ma wani lokacin sai ya ɗaga hannu ya rasa abin faɗa.

Ran nan Inna Kubra ta ajiye masa kwanon fura, ta tsaya a kansa.

"Ka aika gidan Malam Badamasi, ka ce ina zuwa jibi in ga yarinyar da idona."

Da saƙon ya isa Sara, gwaggon Mahbuba ta tashi tsaye. Uwar miji za ta zo dubawa? Ai sai a gyara yarinya. Mahbuba ta ce Hapsatu ta hana ta shafa komai sai man asibiti, gwaggo ta ce Hapsatun nawa take, su da suka gyara amare kafin a haife ta. Aka dama dilka aka murje ta da ita tun daga wuya har ƙafa, aka zaunar da ita a kan turaren wuta. Da kyakkyawar niyya aka yi, wannan ba shakka.

Kafin gari ya waye jikin ya tashi gaba ɗaya. Hannuwa suka kumbura suna tsattsafo da ruwa, wuya ya yi ja, safar ma ta ƙi shiga. A shekara tara ba ta taɓa muni kamar ranar da aka zo ganinta ba.

Haka Inna Kubra ta same ta, a bakin gado, ta lulluɓe hannuwa da gefen hijabi. Bayan gaisuwa Inna ta roƙi a bar su su biyu.

Mahbuba ta gaji da ɓoyo. Ta zaro hannuwan ta ɗora a kan cinyarta, hawaye na zuba.

"Ga shi, Inna. Ba kullum yake kaiwa haka ba, amma yana kaiwa. Ba ni da alƙawarin warkewa da zan ba ku. Ki ce masa ya yi wa Baba biyayya."

Inna ba hannun take kallo ba. Idonta na kan taga, inda wani ɗan kati ruwan ɗorawa ya leƙo daga cikin littafin Ahalari.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kwance bakin zaninta a hankali, ta warware wani ƙulli, ta fito da kati irinsa sak, har ya yi laushi don daɗewa. Ta ajiye shi kusa da na Mahbuba.

"Inna..."

"Shekara guda da rabi ke nan. A asibitin Surko nake bayarwa, don kada 'yan Wurno su gan ni. Gaida ƙanwata da nake cewa, rabi gaisuwa ce rabi wannan." Ta ɗage zani kaɗan, ta nuna bayan gwiwarta da ƙwaurinta, fatar ta yi baƙi ta yi kauri kamar ɓawon itace. "Nawa a ƙafa ya tsaya, zani ya rufa min asiri. Na cikin kuwa tun ina amarya. Alhaji ya ɗauka basir ne, na bar shi a haka."

Mahbuba ta dubi katunan biyu.

"Ɗan nan nawa kullum yana ɗaukar kwalbata yana sawa a firiji, bai san ta uwarsa ba ce. Ashe ni da ke a wuri ɗaya muke kwana, 'yata." Ta yi 'yar dariya, ta share ido da gefen mayafi. "Ranar da ubansa ya titsiye shi a kan ciwon cikinki, ina zaune. Ya gwammace ya rasa ki da ya buɗe baki. Wani mai shagon magani ne ya faɗa wa Ɗanbala, wai shi Dabo. Ni kuwa da nake da abin faɗa na yi shiru, don tsoron kada a juyo kaina. Ni ce mai laifi, ba shi ba."

Ta miƙa hannu ta kama hannun nan mai ciwo, ba tare da ƙyama ba, ta juya shi tana dubawa kamar mai duba nata.

"Wa ya shafa miki dilka?"

"Gwaggo ce."

"Allah ya shirye ta. Ni ma haka aka yi min, na yi satin amarcina ina kuka."

Kafin Inna ta kai bakin titi saƙo ya shiga wayar Muhsin.

"Mai Akwati, ka yafe min. Na zarge ka a kan abin da ka riƙe da mutuncinka. Gobe zan je wurin Dakta da kaina."

Ya karanta ya fi sau goma, a tsaye, a gaban firiji.

Bayan kwana biyu, da safe, Inna ta shimfiɗa wa Alhaji Yunusa tabarma, ta ce Muhsin ya zauna shi ma. Ta ajiye takardar da Dakta ta rubuta wa Mahbuba. A kanta ta ɗora nata katin.

"Alhaji, shekara talatin da ɗaya kana cin tuwon hannuna. Ka taɓa ɗaukar wani abu?"

Ya kalli katin, ya kalle ta.

"'Ya'ya shida na haifa maka, ga babbansu nan zaune. Ciwon da kake gudu a gidan Malam Badamasi, da shi aka kawo ni gidan nan. Da an yi mini irin binciken da aka yi wa yarinyar nan, da ba ka aure ni ba."

Muhsin ya dubi mahaifiyarsa. Duk Surkon nan, duk ranakun da take cewa yau ba ta jin cin abinci, duk dogon zanin da ba ta taɓa ɗagewa ko a wurin wanki. Yana aikin ciwon, yana kwana gida ɗaya da shi, bai gani ba.

Alhaji ya juyo ga matarsa. Da ya buɗe baki, ba maganar aure ya yi ba.

"Kubra, duk shekarun nan ke kaɗai? Alhali ina cikin gidan?"

"Tsoro nake ji, Alhaji."

Ya tashi ya ɗauki fartanya ya tafi gona, alhali an gama noma. Bai dawo ba sai la'asar. Da ya dawo ya aika aka kira Kawu Ɗanbala.

"Ka sayi goro ka koma Sara. Wannan karon gidan Malam za ka shiga, ba shago ba."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Badamasi. Inna Kubra ta kafa doka tun kafin biki: ba dilka, ba turare a jiki, ba lallen kanti. Gwaggo ta yi ta mita wai amarya ba ƙunshi kamar ba amarya ba, Inna ta ce tata amaryar ce, a haka take sonta. Lallen gargajiya kaɗan aka ɗiga mata a farce, shi ke nan. Biyu daga cikin yaran da aka cire daga ajinta sun dawo, ɗayar ba ta dawo ba.

Ba ta warke ba. Wani watan jikin ya lafa har ta manta inda ta ajiye safa, wani watan ya tashi ta kwana biyu a kwance, Muhsin na zaune a gefenta da man shafawa, ba abin da zai iya sai sannu. Amma duk bayan mako biyu za ka ga mata biyu sun fito daga gida ɗaya a Wurno sun nufi asibitin Surko, tsohuwa da yarinya, kowacce da katinta a hannu, ba a ƙullin zani ba.

Ranar da ya koma aiki bayan biki, an kawo akwatin Surko. Yana cikin jerawa saƙo ya shigo.

"Mai Akwati, yau biyu daga ciki naka ne. Kada ka tambaye mu wanne."

Ya yi murmushi, ya ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, ya sa kowacce a gurbinta. Kafin ya rufe firijin ya tsaya ya dube su duka, sama da dubu, kowacce da mai ita a wani gida, wataƙila ita ma tana ɓoyewa.

"Allah ka ba masu su lafiya," ya ce a hankali, "ka nuna wa masu nema abin da suke nema."

Allah ya amsa, ya albarkaci auren Muhsin da Mahbuba, ya ba su zuri'a mai albarka da haƙurin zama da juna.